Waƙa ta Uku a Kaset ɗin Ɗan Japan

Ranar wata Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan gero, a shekarar da aka haƙa mana famfo. Ina kora awakin gidanmu zuwa kiwo sai na ji wata ƙara daga wajen babbar aduwar da ke gabas da gari, inda masu haƙa suka girke motocinsu. Ba ƙarar injin ba ce, don injin na san muryarsa, ya kwana biyu yana hana mu sakat. Wannan kamar ana goga ƙarfe a kan ƙarfe, ga ganguna suna bin ta a guje, ga wani mutum yana rera wani abu iya ƙarfinsa kamar wanda aka ƙwace wa raƙumi a kasuwa. Awaki suka watse cikin kara, ni kuwa na tsaya da sanda a hannu, baki buɗe. A cikin ƙaramar motar, ƙofa a wangale, wani saurayi fari siriri yana zaune, ƙafa ɗaya a waje, yana cin burodi yana kaɗa kai. Shekaruna ba su fi goma sha ɗaya ba, kuma ban taɓa jin kiɗan da ya shiga ƙirjina ya nemi wuri ya zauna haka ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gangara, cikin Damargu, inda gero ke yin kyau in Allah ya ba da ruwa, in kuma bai bayar ba maza su kama hanya. Tsohuwar rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Da damina kuwa ruwan tabki ake sha, kurkunu ya kwantar da manoma a daidai lokacin noma. Saboda haka zuwan masu haƙa babban abu ne. Yawancinsu mutanen Damagaram ne, sai wannan baƙon guda. Mutanen gari suna ce masa Sinuwa, wato ɗan ƙasar Sin, kamar yadda ake ce wa duk mai irin idonsa, shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Japon, Japon," har muka gaji muka mayar da shi Ɗan Japan. Daga ranar nan kiwona ya koma gindin aduwa. Awaki su ci abin da suka samu, ni in zauna a kan wani tsohon duro ina bin gangunan da tafin hannu. Bai taɓa korata ba. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin komai sai ita, amma in waƙa ta kai inda take fashewa mukan kalli juna mu yi dariya.

Ina da majajjawa ta kaba, wadda muke korar tsuntsaye da ita in gero ya fara ido. Wata rana ya ga na kakkaɓo kurciya daga reshe, sai ya miƙo hannu. Na koya masa yadda ake sa dutse, yadda ake juyawa, da lokacin da ake sakin igiya ɗaya. Jifansa na farko gilashin fitilar motarsu ya samu, ma'aikata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ranar da ruwa ya fito ya yi tsiri sama, mata suna guɗa, yara suna birgima cikin taɓo, ya kira ni gefe. Ya zaro kaset ɗin daga mota, ya nuna shi, ya nuna majajjawata. Na yi jim, domin Baba ne ya tufka ta da hannunsa kafin ya tafi. Sannan na miƙa, na karɓa. Na faɗi wannan ne don a sani ba kyauta aka yi mini ba, ba kuma tsintuwa na yi ba. Musaya muka yi, kamar maza biyu.

A lokacin Baba yana Libiya. Ya tafi ci-rani bayan wata damina da ba ta yi ba, rani ya wuce bai dawo ba, wani ma ya wuce. A gidan akwai Kaka, mahaifiyarsa, da ƙaninsa Baba Sale wanda ke riƙe da gidan, da Inna, da ƙannena mata. Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, in zai aike ni sai ya kalli bango ya ce, "A ce wa yaron nan ya kai wa jaki ruwa." Majajjawar ma a hannun Kaka ya bar ta ya ce a ba ni. Inna ita ma haka, in ta zuba mini tuwo sai ta tura kwanon ta kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na san haka tun ina ƙarami. Amma sanin abu daban, daɗinsa daban. Kaka ce kaɗai ke kama kunnena tana ce mini maigida, tana cewa ta gaji da auren miji marar ko akuya tasa ta kansa.

Rediyo mai cin kaset guda ne a gidanmu, na Baba Sale, yana cikin rigarsa ta yadi mai aiki da aka ɗinka masa a Tanut. Kafin ya yarda in sa kaset ɗina sai na yanko wa ragonsa ciyawa, na share turke, na cika masa buta. Batir kuwa, wanda muke ce wa pil, ba ya ba ni sababbi. Waɗanda suka mutu yake jefo mini, in shanya su a rana a kan rumbu, in ɗan dandaƙa gefensu da dutse, su farfaɗo su ba ni waƙa biyu ko uku kafin muryar mawaƙin ta fara ja kamar mai jin barci. Ba na barin rediyo ya mayar da zare baya, wannan ɓarnar pil ce. Karan gero nake ferewa in zura a ramin kaset in yi ta juyawa a sama har zaren ya koma farko. Na taɓa kai kaset ɗin lakwal, makarantar boko, ko da yake ni ba a sa ni ba, na tsaya a bakin taga har aka tashi, na nuna wa mushe, malaminsu, rubutun da ke jikinsa. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce wannan ba rubutu ba ne, sawun kaji ne. Don haka ba mu san sunan masu kiɗan ba, ba mu san sunan waƙa ko ɗaya ba.

Sai muka raɗa musu namu. Akwai wadda gangarta ke tafiya daidai da taɓarya, ƴan mata suka sa mata Daka, in an sa ta sai su yi ta luguden tafi suna jefa taɓarya sama suna cafewa. Akwai Kukan Raƙumi, wadda ƙarfen ke gurnani a farkonta kamar ana ɗora wa amale kaya. Akwai Gudun Zomo, gajeruwa ce, kafin ka gyara zama ta ƙare. A can ƙarshen fuska ta biyu akwai wata mai sanyi, murya ɗaya da tsirkiya ɗaya, wadda ba mu kula da ita ba sai da na lura in ta zo Inna takan rage hannu a kan tankaɗe. Ba ta taɓa cewa tana sonta ba, ni kuma ban taɓa cire kaset ɗin kafin ta ƙare ba. Yaran unguwa sukan taru a bayan dangarmu da la'asar a yi ta gardama kan wadda ta fi, har a kai ga kokawa. Masu Daka sun fi yawa, don duk ƴan mata nasu ne.

Ni kuwa tawa ita ce ta uku a fuska ta farko. Hadari na sa mata. Tana farawa a hankali, mutumin yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, tsirkiya tana ɗiga ɗaya-ɗaya. Sai ganga ta fara tasowa daga nesa, irin yadda gabas ke haɗuwa iska ta tsaya cik, awaki su daina ci su ɗaga kai. Sai a yi shiru na ɗan numfashi. Sannan komai ya fashe gaba ɗaya, mutumin ya saki murya har tana tsagewa. Ban san abin da yake faɗi ba, amma na san ba roƙo yake ba, ba kuma yabon wani mai kuɗi yake ba. Kamar an ce masa ya yi shiru ne ya ƙi. Baba Sale yakan ce, "Wannan ai hayaniyar maƙera ce, in maƙerin ya haukace." Tsofaffin ƙofar masallaci suka ce kiɗan aljanu ne, zai taɓa mini kai. Na ji, gobe kuma na sake shanya pil.

A wancan zamani, a gidajen da ba mai rubutu, kaset shi ne wasiƙa. In direba zai shiga arewa, ta Agadas har Libiya, sai a sa kaset a rediyo a danna jan maɓalli, kowa ya yi magana. Akwai tsari: babba ya fara, sai mai bi masa, sai maƙwabta su saƙa gaisuwa, sai a tara yara su ce sannu da baki ɗaya, daga ƙarshe a kai wa matar gida rediyo cikin ɗaki a saki labule. Fuska ɗaya ake cikawa. In saƙo ya isa, mutumin can ya juya kaset ɗin ya ɗauki amsarsa a ɗaya fuskar ya maido. Kaset guda yakan yi ta zuwa yana dawowa, ana goge tsohuwar magana da sabuwa, har zarensa ya gaji.

Namu ya gaji a cikin sanyin shekarar nan, rediyo ya tauna shi ya yi kaca-kaca. Baba Sale ya ce zai sayo wani in ya je kasuwar Tanut, bai kai ga zuwa ba sai ga wani direba ɗan garinmu ya biyo ba zato, da babbar motarsa cike da buhuna da mutane a sama. Ya ce ya tsaya gaida tsohuwarsa ne kawai, in an yi la'asar zai wuce, kuma ya san unguwar da Baba yake. Aka zaga gari neman kaset. Duk mai shi yana da nasa mutumin a can, kowa ya shige ɗaki da nasa. Ina turke ina ba awaki dusa na ji Baba Sale yana cewa, "To, ai ga na yaron nan. A toshe ramukan bayansa da takarda, zai ɗauka." Ban jira ya kira ni ba. Na zaro kaset ɗin daga jikin danga inda nake soke shi, na tsallake ta baya, na ruga gindin aduwa, na cusa shi cikin wani kogo da ke sama da tsayina, na dawo na ci gaba da ba da dusa.

Ya tambaye ni da lallashi, na ce nawa ne. Ya ce zai sayo mini wani a Tanut, na mawaƙin da duk nake so, na ce ba a sayar da irin wannan a Tanut. Ya ce gidan wa nake ci nake sha, na ce musaya na yi da majajjawata, ba da geron kowa ba. Nan ya karyo tsumagiyar geza. Ba zan ce bai ji zafi ba, har yau in na tuna bayana yakan motsa. Amma na kafa ido a kan turmi na cije, ban yi kuka ba, ban kuma faɗi inda na ɓoye shi ba. Na san lissafin sarai: su za su cika fuska ɗaya, Baba ya cika ɗayar, kaset ya dawo mini ba ko waƙa guda. Ɗan Japan ya tafi, babu wani mahaluƙi daga nan har Damagaram da ke da Hadari sai ni. Kaka ce ta fito ta riƙe hannunsa ta ce, "Sale, in ka kashe mini miji kai za ka biya ni sadaki? Bar shi. Wannan taurin kan ba a ƙasa ya tsince shi ba, na san inda ya gado."

Na zagaya bayan ɗakin Inna na zauna a inuwar rumbu ina huci. Ba ta san ina nan ba. Ta zana nake jin ta, tana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka da jaririyar take, Rabi, wadda aka haifa bayan tafiyar Baba. Da na kasa kunne sai na gane gwaji take yi. Tana jera abin da za ta faɗa in an kawo mata rediyo: a gaishe shi, a gaya masa yarinya ta fara tafiya, tana da irin goshinsa, an haƙa famfo, tinkiya ta haifi biyu. Sai ta tsaya, ta sake daga farko, ta canza wata kalma. Ba ta aiko a roƙe ni ba, ba za ta iya ba. Ni ɗan fari ne, ko kallona ba ta yi a gaban mutane, balle ta nemi abu a hannuna. Na zauna ina jin ta har ta kai inda muryarta ta ƙi fita.

Na tashi na je na ɗauko kaset ɗin. Amma ban miƙa ba. Na tsaya a tsakar gida, kowa yana nan, har direban ya leƙo yana cewa rana tana yi. Na sa farce na jawo zaren ya fito kamar tsawon yatsa, na riƙe.

"Fuska ta biyu za ku ɗauka," na ce. "Kuma ni ma zan yi magana. Ni kaɗai, ba cikin yara ba."

Baba Sale ya ce, "Kai da wa? Da ubanka? Yau na ga abin da ya ishe ni."

"In ba haka ba in ja shi duka, kowa ya huta."

Da gaske nake, kuma ya ga haka. Maƙwabciyarmu ta kama haɓa tana salati, ta ce ɗan fari da aika wa uba magana, duniya ta zo ƙarshe. Kaka kuwa dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Ku ba maigida rediyo. In uban ya ji haushi ya taso daga Libiya ya dake shi, mu dai mun samu ya dawo."

Aka yayyaga kwalin sukari aka toshe ramukan. Ni na mayar da zaren da karana, ni na sa kaset ɗin ta fuska ta biyu. Da Baba Sale ya danna jan maɓalli na ji kamar a cikina ya danna. Kaka ta yi sallama a kan Daka. Baba Sale ya yi bayanin gona da haraji a kan Gudun Zomo. Aka kai wa Inna rediyo ɗaki, maganarta ta hau kan waƙar nan mai sanyi da take rage hannu saboda ita, ta goge ta da bakinta. Da aka fito da shi saura zare kaɗan. Na durƙusa a gabansa kamar yadda zan durƙusa a gaban mai shi. Ban taɓa haɗa magana uku a jere da Baba ba. Na ce, "Baba, ni ne. Kaset ɗin nan nawa ne, da majajjawar da ka tufka na musanya shi. In za ka yi amsa, akwai waƙa ta uku a ɗaya fuskar, tana farawa a hankali sannan ta fashe. Kar ka goge ta. Sauran ka goge. Ta uku, Baba." Zare ya ƙare, maɓalli ya yi tsalle da kansa. Ko gaishe shi ban yi ba, sai daga baya na tuna.

Aka naɗe kaset cikin tsumma aka ba direba, mota ta tashi. Watannin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ƴan mata suka daina yi mini magana saboda Daka. Baba Sale ya ce in shirya bayana, don yayansa ba ya ɗaukar raini. Na sami gwangwanin sardin da wayar birkin keke na haɗa wani abu mai kama da gurmi, in na kai awaki nesa da gari in zauna in yi Hadari da bakina, in yi raɗar, in yi shirun, in fashe da ihu har tsuntsaye su tashi. Kalmomin ba nasu ba ne, ba kuma namu ba ne, abin da kunnena ya riƙe ne kawai. Tsoron da nake ji shi ne kullum tana raguwa. Rani ya yi tsanani, aka yi sharar gona, aka yi shuka, aka yi noman farko, ni dai ina rera abin da ya saura.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da direban ya dawo. Ya kawo atamfa da sabulu da shayi, da ƙullin tsumman nan namu. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Baba Sale ya sa sababbin pil, ya sa fuska ta farko. Na zauna can baya kusa da turke, inda zan iya tsallake danga in abin ya ɓaci. Muryar Baba ta fito, ta ɗan dushe, ana jin wasu maza suna magana a bayansa. Ya gaida Kaka, ya nemi gafararta. Ya amsa wa Baba Sale zancen gona. Ya bi gari gida-gida yana gaisuwa, har da waɗanda suka rasu bai sani ba. Ni ina kallon zare yana taruwa a gefe guda, na san daidai kaurin da yake kaiwa in Hadari za ta shigo. Ya kusa. Ya kai. Baba yana ta zancen tsadar shinkafa. Na sunkuyar da kai.

Sai ya yi gyaran murya ya ce, "To. Ku ce wa mai kaset na ji saƙonsa, ko da yake bai gaishe ni ba. Na ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Ga kayansa nan." Aka ji ƙas. Sai tsirkiya tana ɗiga ɗaya-ɗaya.

Ya ɗan ci kanta. Raɗar farko ta tafi, maganarsa ta hau kai. Amma sauran duk tana nan, gangar da ke tasowa daga nesa, da shirun, da fashewar. Ba wanda ya motsa a tsakar gidan nan. Baba Sale, da ke ce mata hayaniyar maƙera, ya zauna ya ji ta tun daga farko har ƙarshe, don ba shi da ikon wuce ta, yayansa ne ya ajiye ta a nan. Da ta ƙare aka yi ɗan shuu, aka sake jin ƙas, Baba ya dawo. "Mai kaset, ka ji abinka. Mu ma nan mun ji ta, ba sau ɗaya ba, don sai da na yi ta maimaitawa kafin in gane inda zan tsaya. Abokan ɗakina sun ce in tambaya ko lafiyarka ƙalau. Ni dai ban san abin da mutumin nan yake wa ihu ba, amma da gaske yake." Daga nan ya ce a kai rediyo ɗaki. Kaka ta juyo tana nemana da ido ta ce, "Maigida, ka ji? Da kai yake." Na tsallake danga, ba don tsoro ba, don kar a ga fuskata.

Kaset ɗin bai sake tafiya ba, Baba Sale ya sayo wani da kansa ba tare da an ce masa ba. Baba ya dawo bayan damina biyu, ya rayu har ya ga jikokinsa. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Amma daga ranar da ya sauka bai ƙara kallon bango in zai aike ni ba. "Mai Kaset, kai wa jaki ruwa." Gari duka ya ɗauka, har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba.

Bara ƴata Zalika, da ke karatu a Damagaram, ta zo hutu ta same ni na sa kaset ɗin a wani tsohon rediyo da na saya wajen mai gyara. Ta kara wayarta a jikin lasifika, kafin waƙar ta kai tsakiya wayar ta faɗi sunan masu kiɗan. Ta ce sanannu ne a ƙasarsu, sun tsufa yanzu. Ta karanto mini jerin waƙoƙinsu da masoyansu suka fi so, tana sa mini ɗaya-ɗaya. Ta farko Daka ce, ashe ƴan matan garinmu sun yi gaskiya. Na ji ta Inna ma, bayan shekaru masu yawa, na tashi na ɗan zaga. Hadari kuwa ba ta ciki, ko a ƙarshe. Na ce to, ba su tambayi Damargu ba. Ta ce za ta sa mini ita cikakkiya a wayata, da farkonta da ya ɓace, tas ba shuu. Na ce ta bar shi. Tawa da gyaran muryar Baba take farawa, wadda ba ta da wannan ba ita ba ce.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙaƙe a hankali, ga shi har na kai ga rubuta wannan. Ƙannena da ke Libiya da Aljeriya kullum sai sun turo murya ta waya, a saurara ana tafiya, a goge in waya ta cika. Ba wanda ke gwaji a bayan zana, ba wanda ke rasa waƙa don magana ta isa. Sauƙi ne, ban raina ba. Amma famfon Ɗan Japan ya lalace an haƙa wani, aduwar ta faɗi, Kaka da Baba da Baba Sale duk suna gabas da gari a kwance, muryoyinsu kuwa suna cikin zaren nan da nake mayarwa da karan gero har yau. Baba bai taɓa faɗin sunana ba, amma ya zauna a ƙasar mutane ya ƙirga har uku saboda ni.